Wata shida da kwamfutar hannu ta yara a gidanmu

Bayan ƙaramar Sallah na sayo wa yarana kwamfutar hannu irin ta yara, mai rigar roba shuɗiya, a wani shagon 'yan waya da ke nan Sakkwato. Mai shagon ya loda mini darussan baƙaƙe da lissafi da karatun Alƙur'ani a mimori, don ba na son abin da zai riƙa shanye mini data.

Ta fannin lissafi kam sai sambarka. Autana mai shekara biyar, wanda a da sai an yi ta fama kafin ya ƙirga zuwa ashirin, yanzu yana jan mangwaro da yatsa a kan gilashin yana zubawa cikin kwando, yana tara uku da huɗu. In ya dace a tafa masa, in ya kuskure ya sake, babu tsawa babu bulala.

Baƙaƙen ne suka ba ni ciwon kai. Waƙoƙin duk na Turanci ne, "ei, bi, si". Rannan na rubuta masa "ciki" a takarda, ya dube ni ya ce "siki". Ɓ da ɗ da ƙ kuwa ko alamarsu babu a ciki. Ga hotunan tuffa da dusar ƙanƙara, ana nuna wa yaron da ya tashi a Mabera, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ita ma kwamfutar ba ta jure wannan zafi. Da rana bayanta ya ɗau zafi, batir ya zube kafin la'asar, wuta kuma sai an ga dama.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne na yayarsa, wadda ke zuwa makarantar allo. Wata safiya Malam ya tare ni a ƙofar zaure.

"Hajiya, wa ke biya wa yarinyar ga karatu a gida?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, kwamfuta ce."

Ya yi murmushi. Ashe makarancin da ke ciki riwayar Hafsu yake karantawa, su kuma a allo Warshu ake yi. A Fatiha kaɗai, ita tana jan "Maaliki", Malam yana cewa "Maliki". Duka daidai ne, amma yarinya 'yar shekara bakwai ta rasa wanda za ta bi. Laifin nawa ne, ban tambaya ba kafin a loda.

Yanzu bayan la'asar kawai nake fito da ita, rabin awa, ina zaune kusa ina gyara musu furuci. Makon jiya na koma shagon aka sa mini karatun Warshu. Na Hausa mai ƙugiya dai har yanzu ni nake rubuta musu da alli a jikin ƙofar kicin.