WD-40 da gam ɗin salatif a jikin mota, yadda muka kaya bayan ɗaukar amarya

Gwangwanin nan na WD-40 mai shuɗi da rawaya na daɗe ina ganinsa wajen makanikai suna fesa wa noti in ya yi tsatsa ya ƙi kuncewa, ban taɓa kawo wa raina zai min amfani a jikin fenti ba sai da bikin ƙanin madam ya ja min. Corolla ce gare ni 2010, baƙa, 'yar Kwatano, ba wata sabuwa ba ce amma ina ji da fentinta dan na kamfani ne, ba a taɓa mata feshi ba in ban da fenda ɗaya ta gaba da wani mai keke ya goga min a Kwangila nan Zariya. Ranar ɗaukar amarya yaron ya zo har da durƙusawa wai Yaya a taimaka da mota, na miƙa makulli, ashe abokan ango wajen gwada basira suka samu. Furannin roba a bonet, ƙyallen ado tun daga gaba har but, balan-balan a madubi, kuma duk da salatif ɗin nan ruwan ƙasa na ɗaure kwali aka manne su. Aka ɗauko amarya daga Tudun Wada zuwa Hanwa, aka yi ta zirga-zirgar dangi, motar ba ta dawo hannuna ba sai bayan kwana 3 kuma duk a rana take wuni, watan Afrilu fa, kun san zafin Zariya a lokacin, baƙar mota in ta wuni a waje ko tafin hannu ba ka iya ɗora mata.

Da na ɓare salatif ɗin ledar ce kawai ta biyo hannuna, gam ya zauna daram, layi-layi a bonet sai ka ce an yi wa motar tsagar gado. Kafin magariba ƙura ta bi ta liƙe a kai ya koma ruwan toka.

Na kai wankin mota, aka sa omo aka wanke har sau biyu ko gezau. Yaron da ke wankin ya ce min “Oga motan nan sai tina, minti biyu ya fita”, ga reza a ɗaya hannun nasa yana jira in ce bismilla. Allah ya taimake ni na ce ya dakata, na kira malamin da ya min fentin fendar nan. Wlh kafin in gama bayani ya katse ni, ya ce Alhaji ko da wasa kar ka bari. Abun da ya fahimtar da ni shi ne fentin motocin yanzu hawa-hawa ne, akwai na ƙasa da ke kama ƙarfe, akwai kalar, sai kuma shafin ƙarshe mara kala wanda shi ke ba da sheƙin nan, kuma shi wannan na saman kaurinsa bai kai na fallen takarda ba. Tina aikinta kenan narkar da fenti, ba ruwanta da wai gam ka nufa, tana iya dusar da wajen ya koma kamar hazo. Haka ma ruwan goge farcen nan na mata. Reza kuwa a gilashi take da amfani, a fenti zane za ta bar maka, baƙar mota kuma ba ta rufa asiri. Shi gam ba ya jin ruwa da sabulu shi ya sa muka yi ta wahalar banza, abu mai maiƙo ne ke shiga jikinsa ya tausasa shi. Mai fentin ne ya ce in nemi WD-40.

A Sabon Gari na saya, wani shagon kayan gyaran mota, ƙaramin gwangwani. Ku dinga duba rubutun jiki da kyau dan akwai masu kwaikwayon kalar gwangwanin da sunan da ya kusa kama. Na asalin kamfanin Amurka ne, tun 1953 aka haɗa shi a San Diego, asali ma dan korar ruwa da hana tsatsa aka yi shi, cire gam ɗin nan aikin gefe ne.

Toh ga yadda na yi, kuma gaskiya jerin da ka bi ya fi shi kansa man muhimmanci. Da safe na yi, a inuwar darbejiyar ƙofar gida, jikin motar da sanyinsa, dan in ƙarfe ya ɗau zafi kana fesawa yana bushewa. Na fara wanke wajen da ruwa na kore ƙurar, wannan kar wanda ya tsallake shi, ƙurar nan yashi ce, in ka hau gogawa da ita a kai ka zama mai sa sanfefa da hannunka. Na gwada a ɓoyayyen waje tukun, cikin bakin ƙofa, na jira na ga ba abun da ya canza. Sannan na fesa a tawul mai laushin nan na goge mota na dafa a kan gam ɗin, inda ya yi kauri kuma na fesa kai tsaye, na bar shi kamar minti 5. Nan ne haƙuri ke ƙarewa, hannu sai ƙaiƙayi yake ka kankare. Da na dawo gam ɗin ya yi laushi kamar cingam da aka tauna, na sa tsohon katin ATM na kwantar da shi sosai ina turawa a hankali yana naɗewa yana tashi, ina goge bakin katin duk bayan turi biyu-uku. Sauran da ya rage tawul ya ɗauke, ina juya ɓangare mai tsabta kar in mayar da gam inda na cire.

Bonet sau biyu na maimaita ya fita tas. Rufin motar sau uku, nan rana ta fi gasawa. Duka-duka aikin ya ci min kusan awa ɗaya da rabi har yara sun taru suna kallo, ɗaya ma cewa ya yi Baba ko dai sayar da ita za a yi.

Inda ya ba ni wuya shi ne wajen furannin, ashe nan da salatif mai fuska biyu suka liƙa, mai soso a tsakiya. Man ba ya ratsa soson ya kai ga gam ɗin ƙasa, kana fesawa soson na shanyewa. Sai da na ari dirayar gashin madam (da NEPA suka ga dama) na ɗan ɗumama daga nesa ina kaɗa hannu ba tsayawa waje ɗaya ba, na murje soson da babban yatsa, sannan WD-40 ya ƙarasa na ƙasan. A bamba ku yi hattara da zafin nan dan roba ce.

Fendar da aka yi wa feshi kuwa da tsoro na taɓa ta, dan mai fentin da kansa ya ce fentin gareji bai kai na kamfani juriya ba, musamman in bai daɗe ba. Kaɗan na sa, ban bari ya jima ba, lafiya lau.

Abun da za ku sani, yana barin maiƙo. In ka gama ka tafi a haka kafin ka kai unguwar PZ duk ƙurar hanya ta dawo wajen. Dole a wanke da sabulun mota a tsane, sannan a sa folish dan duk wanda ke wajen a da ya tafi tare da gam ɗin. Kar ya taɓa gilashin gaba, waifa za ta yi ta shafa shi da daddare ka kasa gani, kar kuma ya kusanci birki, kuma yana kama wuta, mai sigari ya matsa can. Warin ma ba kowa ke so ba, ni dai bai dame ni ba.

Maƙwabcina ya ce ai da kananzir na sa da na huta da kashe kuɗi. Ban musa ba, kananzir na cire gam, har man gyaɗa ma na yi in gam ɗin sabo ne sai dai jira, sifirit na kemis kuma ya fi dacewa da ɗan dauɗar ƙarshe. Amma ni ɗan tsinken nan ja da ke zuwa da gwangwanin ya burge ni, kana saita shi daidai layin gam ba ya malala ko'ina. Fetur dai ban yarda da shi ba duk da na ga masu yi.

Da abu ya yi daɗi sai na ce bari in cire wata tsohuwar sitika da na tarar a but tun ranar da na sayi motar. Ta fita, gam ya fita, amma siffarta na nan, wajen ya fi sauran baƙi dan shekaru rana na cin kewayensa shi yana ɓoye. Wannan ba gam ba ne balle mai ya cire, mai fenti ya ce sai an bi but ɗin gaba ɗaya da injin folish ko zai saje. Ban kai ba tukun.

In maki ne na ba shi 8 cikin 10 a wannan aikin, biyun na riƙe saboda maiƙon da kuma salatif mai soso. Gwangwanin ko rabi bai yi ba, ragowar na fesa wa get ɗin gida da ya shekara yana kuka. Jiya kuma wani ɗan ƙanwar madam ya kira wai Kawu an sa rana bayan sallah, na ce masa Allah ya sanya alheri, mota kuma za a bayar amma da zare za a ɗaure kwalliyar.