Shekara biyu ina haya a Nasarawa GRA, ga gaskiyar abin da na gani

Jama'a da dama sun ta tambayata wai ya zaman unguwar Nasarawa GRA ta nan Kano, musamman 'yan layinmu a kasuwar Kantin Kwari da suke ganin kamar na tsinci dami a kala ne, to yau dai na ce bari in zauna in rubuta duka a wuce wajen, wanda zai kama haya ya shiga da idonsa a buɗe. Ni ɗan cikin gari ne, a lungu aka haife ni, a lungu na yi aure, gidan da muka baro idan maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa yarhamukallahu daga kan gadonka. Abin da ya fitar da ni bai wuce biyu ba, wajen ajiye mota da barci. Kullum sai na kai mota wani gareji na biya kuɗin kwana sannan na tako gida a ƙafa, ga injin markaɗe a jikin bangonmu da ke tashi tun kafin a idar da asuba.

Farko maganar dillalai. Kafin na samu gidan nan sai da na bi ta hannun mutum huɗu, kowa da kuɗin ganinsa, kuma abin haushi biyu daga cikinsu gida ɗaya suka kai ni, farashi daban daban. Wanda na ƙare da shi dai mutumin kirki ne ba laifi, bai ɓoye min cewa rufin kicin yana yoyo ba, amma la'adarsa kashi 10 cikin 100 ko naira bai rage ba, sai kuɗin lauya na agrimen, sai wani kuɗi da suka ce na ajiya ne ko ka ɓata wani abu ranar tashi. Gidan fulat ne mai ɗaki biyu da falo, mu huɗu ne a cikin get ɗaya, sai boyis kwata a baya inda wani ɗan bautar ƙasa yake. A ƙarshen 2023 na kama shi miliyan 1.8 a shekara, amma da na tattara duka abin da ya fita daga aljihuna kafin a miƙo min mukulli ya haura miliyan 2 sosai, ban da fenti da ragar sauro da na sa da kaina. Don haka in dillali ya faɗa maka kuɗin gida kar ka tsaya a nan, ce masa duka duka nawa zan ƙirga, a gaban mai gidan in da hali.

Shirun da ake faɗa na unguwar kuwa gaskiya ne, ba talla ba ce. Daren farko kasa barci na yi wallahi, kunnena yana ta neman hayaniyar da ya saba, ba rediyon mai shayi, ba yara masu ƙwallo, ba mai adaidaita da ke danna ham a bakin lungu, sai kukan gyare da ganyen darbejiya. Da safe kurciya ce ke tashina. Layinmu manyan bishiyoyi ne tun na da, darbejiya da maɗaci da mangwaro, kuma duk wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu ya san inuwa ba ƙaramar dukiya ba ce, idan na baro Kwari da yamma jikina sharkaf ina shigowa layin sai na ji iskar ta canza kamar an buɗe firji. Dalili ai a bayyane yake, Turawa ne suka tsara wa kansu wajen bayan sun ci Kano a 1903, suka fita bayan ganuwa suka yanka manyan filaye suka dasa itatuwa, gida ɗaya sai ya ci filin da a cikin gari za a yi gida ashirin. Har yanzu tsarin titunan nan yana nan, su Lamiɗo Crescent, Sultan Road, Alu Avenue, Ahmadu Bello Way, masu faɗi, mota biyu ta wuce ba sai wani ya ja baya ana zage-zage ba.

Kusanci da gari shi ne abu na biyu da ba zan kushe ba. In na fito bakwai da rabi na biyo State Road ta gaban gidan gwamnati, na kama Ƙofar Nasarawa na miƙe IBB Way, kafin shayin da ke cikin fulas ɗina ya huce ina Kwari, in ba ranar Litinin ba ce ko dab da sallah da gosulo ke kamawa tun daga Ƙofar Mata. Sabon Gari ta Murtala Muhammad Way nan da nan ne. Asibitin Nasarawa, wato na Abdullahi Wase, yana kusa, na Malam Aminu Kano ma ba nisa a titin Zariya, ranar da ƙaramin yaronmu ya tashi da zazzaɓi ƙarfe biyun dare na san amfanin wannan. Kayan miya mai araha sai 'Yankaba a titin Haɗeja, in ƙaramin cefane ne kasuwar Tarauni. Juma'a kuma Alfurƙan nake zuwa.

Amma fa duk wannan kusancin na mai mota ne. Wannan shi ne abin da ba wanda ya gaya min. Ranar da motata ta kwana gun bakanike na gane kurena, na tsaya a ƙofar gida ya fi minti ashirin ko adaidaita ɗaya bai gifta ba, tun da dama an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, sai da na taka har babban titi, wanda na samu kuma yana jin sunan layin da zan koma da yamma ya ce sai dai shata. Su a ganinsu duk wanda ya fito daga GRA kuɗi ne a jikinsa. Maman yara ta fi ni jin wannan, ita da ta saba ta leƙa ƙofa ta aiki almajiri ya siyo mata maggi da attaruhu na ɗari biyu, a nan in gishiri ya ƙare ana tsakar girki to sai dai a kira ni a waya ko a roƙi Baba maigadi ya hau kekensa. Akwai wani ɗan kiyos a kwanar layi amma komai nasa da ƙari, kuma takwas na dare ya rufe. Manyan kantuna suna nan birjik masu sanyin AC, sai dai ba wajen siyan omo na ƙulli ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kowace fita lissafi ce, mun koma cefanen sati.

Wuta. To a nan raina a rabe yake. Layinmu yana cikin waɗanda aka sa a Band A, wanda a ƙa'ida awa 20 ne a rana, kuma a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit daga sittin da wani abu, daga baya aka ɗan sassauto da shi ƙasa kaɗan. Ana samun wutar fiye da inda na baro nesa ba kusa ba, ruwan sanyi ba ya yankewa a firji, amma mita tana shan kati kamar rijiya ta ƙafe. Watan farko bayan ƙarin na kunna AC yadda na saba, kwana tara katin ya yi. Yanzu doka ce a gidan, AC sai ɗakin yara kuma awa biyu, hita ba a barinta a jone, guga rana ɗaya a sati. Kuma da aka samu matsalar babban layin da ke kawo wa Arewa wuta a watan Oktoban 2024 aka kwashe kwanaki ba wuta, ba Band A ba Band Z duk ɗaya muka zama, daren nan kowane gida ya tada janareto, shirun da na biya kuɗi dominsa ya tafi hutu. Bayan nan ne na haƙura na sa ƙaramar sola da batir ɗaya, fanka da fitila da cajin waya kawai.

Ruwa bohol ne, na famfo ban taɓa ganin ɗigonsa a gidan ba. In da wuta ba matsala, samo, wato injin da ke jawo ruwan bohol ɗin, ya cika tanki kowa ya wadata. In samo ya ƙone, kuma ya ƙone sau biyu, karo-karo ake yi tsakanin 'yan haya don mai gidan cewa yake ku kuke sha ai. 'Yan garuwa ba sa shigowa layin sosai, sai ka aika an nemo su daga wajen Badawa ko Giginyu, su ma da farashinsu na GRA. Ga kuɗin maigadi, ga na masu kwashe shara, ga na 'yan sintirin layi duk wata, ƙanana ƙanana ne amma in ka haɗa su a shekara sun kusa hayar wani ɗakin a Kurna.

Sauro kuma, kai jama'a. Bishiya da fulawa da ciyawa suna da kyau a ido amma da damina gidan sauro ne, ga kwatar bayan gidan da ganye ke toshewa. Ka sa raga a taga tun ranar farko.

Mai gidan dattijo ne ɗan fansho, baya shiga harkar kowa, ba ya zuwa sai in shekara ta zagayo, wannan alheri ne kuma matsala ce, don yoyon kicin ɗin nan sai da damina ta wuce ta sake dawowa kafin ya turo kafinta, shi ma bayan na ce Baba to zan gyara in cire a kuɗin haya. Nan take ya ce a'a ɗana kar a yi haka, washegari sai ga mutum da kwano.

Abin da ya fi damuna dai ba na kuɗi ba ne. Shekara biyu, mutumin da ke gidan da ke kallon namu ban san fuskarsa ba sai gilashin motarsa, get ya buɗe ya shige get ya rufe. An yi rasuwa a gida na uku daga namu ban sani ba sai da na ga rumfa da kujeru kwana biyu bayan an kai shi, na shiga na yi gaisuwa cike da kunya, a cikin gari da tuni da ni aka haƙa kabarin. Da maman yara ta haihu bara ba maƙwabciyar da ta shigo da ko kunun kanwa, ba don mugunta ba, ba su sani ba ne kawai, sai daga cikin gari 'yan uwa suka yi ta cika adaidaita suna zuwa. Hajiyata ta zo ta yi mana sati, kwana uku ta ce a maida ita, wai ita wannan unguwa ko sallamar almajiri ba ta ji, kamar an ajiye ta a asibiti. Na yi dariya a lokacin amma maganar ta zauna min. Yara ma ba su da abokan wasa sai 'ya'yan fulat ɗin sama, daga makaranta sai islamiyya sai katun, shi ya sa duk Asabar nake kwasarsu in kai su gidan kakarsu su yi birgima a ƙasa su dawo da datti. Inda kawai na samu mutane shi ne ɗan masallacin layi, shi ma yawancin sahun masu gadi ne da direbobi, kuma su ne suka san komai na unguwar, in kana neman gida mai sauƙi ka fara da su kafin dillali, da na san haka da ban biya kuɗin gani sau huɗu ba.

Sannan shirun kansa ba kowane layi ba ne, a kula. GRA ɗin yanzu ba ta da ba ce, magada suna sayar da tsofaffin gidajen ana rushewa ana yanka filin gida shida ko takwas, wasu an maida su makarantun kuɗi, otal, wajen cin abinci, wajen biki. Akwai wani wajen biki bayan layinmu da in aka shiga watan aure, daga Juma'a zuwa Lahadi sai sha ɗayan dare DJ yake sauka, har na haddace kirarin da MC ɗinsu yake wa uwar amarya. Wani abokina ya kama gida kusa da wata makaranta bai lura ba don ranar Asabar ya je gani, yanzu bakwai na safe da biyun rana ba ya iya fita da mota daga get ɗinsa. Ka je ganin gida sau uku, safiyar ranar aiki, daren Asabar, da kuma bayan an yi ruwan sama in damina ce don ka ga inda ruwa ke kwanciya. Ɓangaren da ya yi kusa da gidan gwamnati da gidan Sarki na Nasarawa kuma ka san cewa duk ranar da wani abu ya taso na siyasa ko sarauta za ka iya tarar da an tare hanya, sai ka zagaya.

In maki zan bayar, shiru da iska huɗu da rabi cikin biyar, kusanci da kasuwa huɗu in kana da mota biyu in ba ka da ita, tsaro huɗu don ko takalmi ba a taɓa ɗauke mana ba, zumunci ɗaya, shi ma albarkacin Baba maigadi ne da yake kawo wa yara rake. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai mota da ke dawowa a gajiye yana son ya kwanta, wajen zai yi masa. Amarya sabuwa da za a bari ita kaɗai tun safe har dare, ko tsohuwa da ta saba da shige da fice, ni dai ban ba da shawara ba.

Watan jiya Baba mai gida ya aiko da takarda ta hannun dillali, ya ce daga sabuwar shekara miliyan 2.6. Na je har gida na durƙusa na gaishe shi muka yi ta ja, ya tsaya a 2.4 ya ce siminti ma ai ya tashi, ni kuma ban ga inda aka sa siminti a gidan ba tun da na shigo. Maman yara ta ce mu duba Hotoro ko Tarauni, ni kuma har yanzu ban ba shi amsa ba, ya ba ni zuwa ƙarshen wata.