Bikin furen ceri na Washington: ranar fareti ba ranar fure ba ce

Masu sayar da tikitin bas zuwa bikin nan ba sa gaya wa mutum cewa jadawali daban, fure daban. Tun da wuri ake tsara bikin, daga wajen 20 ga Maris zuwa tsakiyar Afrilu, faretin titin Constitution kuma can wajen ƙarshe yake zuwa. Bishiyar ceri nau'in Yoshino, wadda ta cika gefen tafkin Tidal Basin, ba ruwanta da wannan lissafi, ɗumin iska take bi. Ranar da kashi 70 cikin ɗari na furenta ya buɗe ita ce ƙololuwa, a 2024 ta faɗo 17 ga Maris. Daga nan mako guda ne zuwa kwana goma, in ruwa ya sauka da iska ma bai kai ba. Wanda ya sayi tikitin ranar fareti ganye ya tarar, furen duk yana ƙasa ana takawa. Wallahi cuta ce, don sun sani sarai.

In aka dace da lokacin kuwa, ba a magana. Fure fari-fari mai ratsin ruwan hoda ya rufe reshe ruf, babu ganye ko ɗaya, rassan sun sunkuyo har suna shafar hula, ginin tunawa da tsohon shugaban Amurka Jefferson na hango kansa a cikin ruwa. Asalin bishiyoyin kyautar bishiya 3,020 ce da birnin Tokyo ya aiko a 1912. Shiga kyauta ne, zagayen tafkin kuma kimanin mil biyu. A ajiye mota a gida, a hau jirgin ƙasa na Metro a sauka tashar Smithsonian, a iso kafin ƙarfe bakwai na safe da rigar sanyi. Da hantsi ya yi ba masaka tsinke. Tsinkar fure laifi ne a dokar wurin, a riƙe hannun yara.

Sai dai abin tikitin nan bai bar ni ba. Hukumar kula da wurin tana fitar da hasashen ranar ƙololuwar fure tun ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, me zai hana mai bas ya faɗa? Ba na ba kowa shawarar biyan kuɗi kafin hasashen ya fito. Wanda ya riga ya makara ya wuce East Potomac Park, inda ceri nau'in Kwanzan mai fure cunkus take buɗewa kimanin mako biyu bayan Yoshino.