Hartke HA3500 na hannu ko sabon Ampeg PF-350: ga wanda zan ɗauka

Ƙanena, ɗauki Hartke ɗin. Ka ce kuɗinka ba zai wuce ɗaya cikin biyu ba, ko HA3500 na hannu ko PF-350 sabo fil a kwali, dukansu kawunan amfilifayar jitar bes ne (wato amfilifaya marar sifika a jikinta), kuma kiɗan rok mai nauyi kuke yi da masu jita biyu da mai ganga wanda ba ya tausaya wa fata. A takarda kansu ɗaya: kowannensu wat 350 yake bayarwa idan ka haɗa shi da sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta), ya sauko wajen 250 a kan om 8. Lamba ba za ta raba maka gardama ba, sai an hau dandamali.

Nawa HA3500 ɗin a hannun wani dattijo na saye shi a Jos, mutumin da ya yi shekaru yana kaɗa bes a coci har yatsunsa suka fara gajiya. Fentin gabansa ya koɗe, hannun ɗaukarsa an ɗaure shi da waya, amma da na kunna shi a falonsa sai da kofunan da ke cikin kabad suka amsa. Ya ce mini, "Ɗana, ka kiyaye shi daga ƙura, shi kuma zai rufa maka asiri." Makonni kaɗan bayan nan muka yi wasa a wani ɗakin taro mai rufin kwano, wuta ta janareto, masu jitarmu kowa da amfilifaya ta wat 100 a buɗe. Kafin wannan ranar na saba da abu ɗaya: ina kaɗawa, ƙasa tana girgiza, amma babu mai iya faɗin abin da nake kaɗawa. Rannan na sauke maɓallan ƙasa-ƙasa kaɗan, na ɗaga na hez 500 da na 1000 (hez shi ne ma'aunin kaifin sauti, ƙaramar lamba sauti mai kauri ke nan), na ƙara na 2000 ɗan ƙanƙani. Muna shiga waƙa ta biyu mai gangarmu ya waiwayo ya dube ni, ya gyaɗa kai. Da muka sauka ya rungume ni ya ce yau ne ya fara jin ni da shi muna tafiya tare. Tun ranar ban ƙara hawa dandamali da wani kan amfilifaya ba.

Abin da ya faru a wannan daren shi ne dalilin da ya sa nake ce maka Hartke. Igiyar E ta bes tana kaɗawa ne a hez 41, idan mai igiya biyar ce B ɗinta ta sauko har 31. Mu masu bes mukan ɗauka a can ƙarfinmu yake, sai mu murɗa ƙasan har ƙarshe. Amma a kiɗa mai nauyi wurin nan ya riga ya cika: gangar ƙafa tana can, masu jita sun sassauta igiyoyinsu sun sauko, su ma suna can. Idan ka ƙara naka, kunu kawai ake damawa. Kunnen ɗan'adam yana gane bes ne ta tsakiyar sauti, daga wajen 500 zuwa 2000, inda ake jin gurnanin igiya da karon da take yi da ƙarfen wuyan jita. Kuma wannan ƙasan da kake murɗawa shi ne mai cinye wat, shi ne ke sa amfilifaya ta shaƙe tun ba a je ko'ina ba.

HA3500 yana da maɓallan da ake ja sama da ƙasa guda 10 a jere, daga hez 30 zuwa 8000, kowane da yankinsa. Ɗaki ya cika amsa-kuwwa? Ka sauke na 125 ko na 250. Jita ta danne ka? Ka ɗaga na 1000. Da idonka kake ganin siffar sautinka, ko a cikin duhu ka shafa ka gane. Sannan yana da mashiga biyu na farkon sauti da kake gaurayawa, ɗaya ta kwalbar tiyub 12AX7 mai taushi da ɗumi, ɗaya ta taransista mai kaifi. Ni nakan ba taransistar rinjaye, in sa tiyub ɗin kamar gishiri a miya. Akwai kuma maɓallin matse sauti, wanda ke daidaita bugun da ya yi ƙarfi da wanda ya yi sanyi. Idan kana gudu da tsinken kaɗa jita a igiya ɗaya na minti biyar, za ka gode masa. Kada dai ka wuce rabi, don yana kashe kuzarin bugu.

Ampeg ɗin kuwa, ba laifi. Kamfani ne mai suna, wat ɗinsa na gaskiya ne, bai kai kilo 4 ba, za ka jefa shi a jakar baya ka hau babur. Maɓallan gyaran sauti uku gare shi, na tsakiya guda ɗaya tak, kuma maɓallin nan Ultra Lo da kowa ke son dannawa tsakiyar sautin yake ragewa, wato abin da kai ka fi bukata. Da kiɗan coci ko na biki kake yi da sai in ce bismilla. Kuma kada sunan ya ruɗe ka: gurnanin Ampeg da ake ji a faya-fayen rok na samfurinsu SVT ne, wanda ya fito a 1969, wat 300 daga manyan kwalaben tiyub guda 6, nauyinsa ya haura kilo 35, ana ɗora shi kan akwati mai sifika 8. Wannan wata dabba ce daban, da kuɗinta daban.

Akwai kuma maganar gyara, wadda ba a rubuta ta a jikin kwali. Kafin Hartke na taɓa sayen wani ƙaramin kai marar nauyi, ba zan ambaci sunansa ba, an buga masa 2000 da manyan lambobi a gaba. A shago ya yi ƙara har na ji na tsinci dami a kala. Ranar farko da aka haɗa da ganga sai jan fitila, ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Daga baya na gane 2000 ɗin ƙarfin ƙiftawar ido ne, wanda ake rubuta wa peak, ba wanda yake iya riƙewa ba, wanda ake rubuta wa RMS. Bai cika wata huɗu ba janareto ya yi tari sau ɗaya, shi ke nan. Mai gyara ya buɗe, ya dubi allon da aka cika da ƙananan kaya kamar gero, ya rufe ya ce sai dai a yi odar allon gaba ɗaya. Har yau yana ƙarƙashin gadona, kuma har yau kuɗin nan yana yi mini ciwo, don na watanni ne na tara.

Ba ina cewa duk ƙananan kawunan nan na zamani, masu tsarin da ake kira Class D, haka suke ba. Amma kusan dukkansu idan suka lalace gyaransu sai mai kayan aiki na musamman. Hartke tsohon gini ne: babbar taransifoma, taransistoci manya da ake gani da ido, wayoyi a sarari. Duk mai gyaran amfilifayar masallaci ko ta masu DJ zai iya bin sa da mita ya gano inda matsalar take. Nawa sau biyu ya je wajen mai gyara, duka biyun ƙurar hunturu ce ta shiga maɓallan da ake ja suka fara ƙarar ƙas-ƙas, aka fesa musu mai aka goge fanka. Tiyub ɗin ma guda ɗaya ce, da hannu ake zare ta a sa wata. Farashin da za ka biya shi ne nauyi, ya haura kilo 10, sai ka nemi Keke ko abokin ɗauka.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa maka tun yanzu: babu ɗayansu da zai ba ka wannan dattin sauti, wannan tsatsa da ake ji a kiɗan rok mai nauyi na metal, shi kaɗai. Hartke mai tsabtar murya ne, ko ka murɗa tiyub ɗin har ƙarshe ɗan kumbura kawai zai yi. Dattin daga fedal yake zuwa, wato ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa. SansAmp Bass Driver na kamfanin Tech 21 shi ne wanda aka daɗe ana dogaro da shi, kuma Behringer suna da BDI21 mai bin sawunsa a kuɗi kaɗan ƙwarai, da shi na fara. Ko wane za ka saya, ka tabbata yana da maɓallin gauraya sauti mai tsabta da mai datti. Fedal ɗin jita na yau da kullum yana yanke ƙasan bes, sai ka taka shi ka ji ka ɓace. Kawunan da ke da wannan dattin a cikinsu, irin Darkglass na ƙasar Finlan ko Orange na Ingila, suna da daɗi matuƙa, amma kuɗin ɗaya zai saya maka Hartke da akwati da fedal har da canji.

Yanzu sifika, don ban ga ka ambace ta ba, kuma a nan ne rabin ƙarar take. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, ɗan bambancin da kunne zai ji amma ba zai razana ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai ka ninka wat ɗin wajen sau 10. Saboda haka tsakanin 350 da 500 ba abin da za ka hana kanka barci a kai ba ne. Yawan faifan sifika da ke tura iska shi ne magana. Akwati mai sifika 4 'yan inci 10 shi ne mafi ƙarancin abin da zan shiga da shi gaban masu jita biyu. Idan mai om 4 ne, zai zuƙi 350 ɗin duka, amma ka rufe ƙofa, ba ƙari. Idan mai om 8 ne, wajen 250 za ka samu yanzu, gobe in Allah ya hore ka ƙaro wani mai om 8, su biyun su zama om 4, ka sami cikakken ƙarfi da ninkin faifai. Ni wannan hanyar na bi. Abin da ba a yi shi ne haɗa akwati biyu masu om 4, don sun zama om 2 ke nan, kan zai yi zafi ya ƙone. Kuma tsakanin kai da akwati wayar sifika mai kauri ake sawa, ba wayar jita ba, ko da bakinsu iri ɗaya ne.

Ba ka tambaya ba, amma tunda na hannu za ka saya, ka yi hattara da masu sayarwa, don wasunsu ba sa tsoron Allah. Abu na farko, juya bayansa ka karanta wutar da yake ci. Kayan da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, mu kuwa namu 230. Akwai masu ɓare takardar ko su canza masa filogi su yi shiru, ka kai gida ka soka a bango, hayaƙi ya tashi, su ce kai ka ƙona. Idan na 120 ne ba haramun ba ne, amma sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin wat 1000, ka cire kuɗinta daga cinikin. Zare fiyus ɗin ka gani da idonka, domin wanda aka naɗe da waya ko takardar sigari yana gaya maka akwai ciwon da ake ɓoyewa. Kai hancinka wajen fanka ka shinshina, ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya. Ka ja kowane maɓalli sama da ƙasa ana kunne. Kada ka yarda da gwajin minti biyu da waƙar waya: ka je da jitarka, ka buga da ƙarfi na rabin awa, don yawancin cututtukan sai ƙarfe ya ɗau zafi suke fitowa. Mai gaskiya zai kawo maka kujera, marar gaskiya zai fara cewa man janareto ya yi tsada.

A akwati ma ana ha'inci. Sukan cire sifikun asali su cusa na mota ko na rediyo, su mayar da raga. Ka sa a kwance ragar. Ka ɗora mita a bakin akwatin: mai om 8 zai nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 wajen 3. Ka taɓa batir ɗan bolt 9 a wayar na ɗan lokaci, faifan duka su motsa gefe ɗaya tare. Wanda ya tsaya cak ya mutu, wanda ya koma baya an juya masa waya. Ka danna kowane faifai a hankali da yatsu, in ka ji yana gogar wani abu a ciki, kwail ɗinsa ya ƙone. Maganar turo kuɗi kafin a ɗora kaya a mota kuwa, kada ka fara, ko da ya aiko maka bidiyo goma.

Idan ka je ka tarar Hartke ɗin ya sha wahala fiye da kima, kada ka koma wa Ampeg da gudu. Ka nemi tsohon kan Peavey, irin su Mark IV ko Firebass. Kamfanin yana Misisifi tun 1965, kayansa sun cika coci-coci da wuraren haya a ƙasar nan, masu gyara sun san cikinsu kamar yunwar cikinsu, kuma tsakiyar sautinsu tana da cizo.

Ga yadda zan raba kuɗin da ni ne kai: Hartke ɗin, sai akwati mai sifika 4 na om 8, sai sitabilaiza, sai fedal a ƙarshe idan da saura. Ranar da za ka je dubawa ka ɗauki hoton bayansa, inda aka rubuta wuta da om, ka turo mini kafin ka miƙa ko sisi.