Gargaɗi ga masu wasan figirin: ku yi hattara da mai tallan dekor ɗin nan na WhatsApp

Salamu alaikum ƴan uwa. Wlh na yi kusan wata biyu ina jan ƙafa kan rubuta wannan abu saboda kunya, ace ni da nake koya wa yara lissafi a kolej ni aka ci wa kuɗi a kan santimita, amma shekaranjiya wani ƙanena daga Garin Malam ya turo min hoton nan dai na ƙananan gine-ginen wasan ƴan sojojin roba da aka cuce ni da shi yana cewa yaya ranta min jika 20 (ƴan Najeriya, jika ɗaya sefa dubu ke nan) in cika in aika kafin wani ya riga ni, sai na ce to shiru ya ƙare.

Ga wanda bai san wasan ba, mu ƴan kaɗan ne a nan Damagaram, muna haɗuwa ran Lahadi bayan la'asar a zauren wani abokinmu a Birni, shi ya zo da ƴan sojojin roba, wato figirin, na Warhammer 40,000 da ya gama karatu a Faransa, wasan kamfanin Games Workshop ne na Nottingham a Ingila, tun 1987 ake buga shi. Ana jera sojoji a tebur, a auna tafiyarsu da regil, a jefa ɗan ludo. Dekor kuwa su ne kangaye da katangu da hasumiya da ake dasawa a filin, kuma ba don ado ba ne kawai, bayansu soja ke fakewa kar abokin gaba ya hango shi ya harbe, saboda haka katangar da ba ta rufe soja ba sunanta shara.

Mutumin da ya cuce ni ya shigo wani gurup da nake ciki da lambar Nijar, ya ce yana Yamai, wai kayan wani bature ne da zai bar ƙasa, guda 14, an yi musu fenti tsaf, asalin kuɗinsu jika 75 amma ya bari a 45. Hoton kam ba a magana, ga hasumiya da tsatsa a jikin ƙofa, ga kango mai hawa biyu har da ɓaraguzai a ƙasa. Ya yi ta kira na malam malam, wai wani a Maraɗi na jira in ban so, ni kuma kwaɗayi mabuɗin wahala, na aika jika 30, da ya turo hoton takardar koli na cika 15, kuɗin mota ma ni na biya.

Tun a tasha gabana ya faɗi, don yaron da ya miƙo min kwalin da yatsu biyu ya riƙe shi. Na kai gida na farke, rabin kwalin tsohuwar jarida ce. Hasumiyar nan da na zata za ta kai tsawon kwalbar lemo, wlh da kaɗan ta fi kwalin ashana, na ɗauko soja ɗaya na tsayar bakin ƙofarta sai ga ƙofa iya ƙugunsa, matata ta leƙo ta ce Malam wannan ne jika 45 ɗin, ta koma kicin ba ta ƙara ko kalma ba, gara ma da ta yi faɗa. Fenti babu ko ɗigo, toka-toka ne da layi-layi a jiki, katanga biyu sun lanƙwashe kamar kilishi, kuma guda 14 ɗin da ya ce ashe tara a ciki ƴan ganguna ne kamar ƙwayar gyaɗa, kowace ganga ya lissafa ta guda.

Abin da ban tambaya ba shi ne ma'auni, kuma nan duk cutar take. Figirin ɗinmu na milimita 28 zuwa 32 ne, wato soja ɗaya kusan santimita 3, akwai kuma wasannin da ake yi da na milimita 15 ko ƙasa da haka, to in aka ɗauki gini shi kaɗai a hoto ba komi kusa da shi babu mai iya gane na wane ne. Daga baya na sa hoton a Google Lens sai ga shi a wani shafin waje inda ake sayar da fayil ɗin STL, ma'ana zanen da ake ba injin buga abu na 3D, shi kawai ya ƙanƙance zanen ya buga don robar ta yi masa auki, hoton kuma na wani ne can da ya ɓata kwanaki yana fenti.

Robar da irin wannan injin ya fi amfani da ita PLA ake ce mata, tana fara laushi wajen digiri 60, ku ƙiyasta kwali a cikin kayan mota a watan Afrilu, tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai. Ko da mai gaskiya ne ya sayar maka, ka san wannan kafin ka bar ta cikin mota a rufe ko ƙarƙashin kwano da rana. Kuma kowane irin kaya da darajarsa, na katakon MDF da ake yankawa da leza a shimfiɗe yake zuwa kamar faranti, kai za ka haɗa da gam ka shafa fenti, shi ya sa ya fi araha, na rezin, wata roba mai ruwa da ke daskarewa, ya fi fito da zane amma ya faɗi ƙasa ya tsage, na roba mai tauri ta kamfani shi ne mai tsada kuma shi ma ba fenti yake zuwa. Fenti aikin hannu ne na awowi, duk wanda ya ce maka guda 14 masu fenti a wannan kuɗin to akwai lauje cikin naɗi, ni ma na sani, son banza ne ya rufe min ido. In ya ce a Faransa yuro kaza ne, yuro ɗaya sefa 656 ne, ka buga lissafinka ka duba shafin masu kayan da kanka, ka tuna da kuɗin jirgi da na duwan.

Yanzu ni kafin in aika ko dala sai an yi min bidiyo kai tsaye, a aza kayan a tabarma, a sa regil ko bik ko kwalin ashana a gefe, a rubuta sunana da kwanan wata a takarda a ajiye kusa, a ƙirga manya daban ƙanana daban, a ɗora a sikeli in ga nauyi. Nawa na kai wa mai shagon unguwarmu ya auna, duka-duka bai kai rabin kilo ba. In da hali kuma ka sa ɗan uwa a Yamai ya je ya taɓa da hannunsa.

Da na kira mai tallan cewa ya yi, haba malam ai hoto misali ne, na ce to dawo min da ko rabi, ya ce sai ya yi magana da baturen, washegari ya toshe ni. Na kai ƙara komisariya da rasit ɗin aiken kuɗi da hotunan hirarmu, muna jira. Wanda ya yi wa ƙanena talla da wata lamba ce da wani suna, amma hoto ɗaya, kuma wannan karon wai mutumin Tawa ne ke jira.

Mu dai mun koma kwalin firiji da farin gam da yashi da tsinken tsire, wani kafinta a Zango ya yanka mana guntayen katako a jika 2, mun gina katanga irin ta Birni mai tsawon santimita 12 kuma tana rufe soja har da bindigarsa. Hasumiyar jika 45 tana hannun ƴata, ta mai da ita gidan ƴar tsana, ita ma ta ce ƙofar ta yi kaɗan.