Jeri ko ƙamus: wanne ya dace da fayil ɗin makin ɗalibai a Python?

Ɗan'uwa, ka ce kana da fayil ɗin rubutu na makin ɗalibai, kowane layi suna ne da waƙafi da maki, kana kuma tambaya ko a jeri za ka zuba su, wato `list`, ko a ƙamus, wato `dict`. Kafin ka zaɓa, ka fara sanin me za ka riƙa nema a cikin bayanan bayan ka karanto su.

Karanta fayil ɗin duk ɗaya ne:

```
with open("maki.txt", encoding="utf-8") as f:
    for layi in f:
        suna, maki = layi.strip().split(",")
```

Layin da ke biye ne ya raba su, amma ka fara rubuta `jeri = []` ko `kamus = {}` a saman shirin. Na jeri:

```
        jeri.append((suna, int(maki)))
```

Na ƙamus:

```
        kamus[suna] = int(maki)
```

Jeri yana ajiye duk abin da ka ba shi, bi da bi, yana ƙirgawa daga 0. Ba ruwansa da ko suna ya maimaitu. In aikinka shi ne haɗa jimilla, ko fitar da matsakaicin maki, ko jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe da `sorted`, to jeri ya ishe ka. Inda yake gajiyar da mutum shi ne neman ɗalibi guda. Ka ce kana son makin Hadiza, sai ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya har ya iso kanta, kamar malami yana kiran suna a rajistar aji. A aji mai mutum 40 ba za ka ji komai ba, amma in layukan sun kai dubbai kuma kana ta nema, za ka ga kwamfutar ta fara jan ƙafa.

Ƙamus kuwa da mabuɗi yake aiki, wato abin da kake ba shi don ya nemo maka bayani, a nan sunan ɗalibi. Ka rubuta `kamus["Hadiza"]`, nan take maki ya fito, domin Python yana yin lissafi a kan mabuɗin ya tafi kai tsaye wurin da ya ajiye shi, ba sai ya bi sauran ba. In sunan babu shi, shirin zai tsaya da `KeyError`, shi ya sa na fi son `kamus.get(suna)` ga mai koyo, don shi ba ya tsayar da shirin. A da ana cewa ƙamus ba ya kiyaye tsarin shigar abubuwa. Wannan tsohon zance ne: tun daga Python 3.7 na shekarar 2018, yadda ka zuba su haka za su fito.

Amma ga abin da nake so ka kula da shi sosai, don shi ya fi cutar da masu koyo. Mabuɗi ba ya maimaituwa a ƙamus. In akwai Aisha Musa biyu a ajin, kuma ka san a makarantunmu wannan ba abin mamaki ba ne, makin ta biyu zai hau kan na ta farko ya shafe shi. Python ba zai yi ƙorafi ba, ba wani jan rubutu da zai fito. Shirin zai gama lafiya lau, alhali yarinya guda ta ɓace daga sakamakon. Kuskuren da ya tsayar da shiri ya fi sauƙi, don aƙalla ka gan shi. Jeri ba shi da wannan matsalar.

Abu biyu kuma sun shafe ka ko wanne ka ɗauka. Kada ka cire `int`, mai mayar da rubutu lamba: duk abin da ya fito daga fayil rubutu ne, kuma a rubuce Python yana ganin "9" ya fi "80" girma, don harafin farko yake dubawa. Sannan `encoding="utf-8"` ɗin nan ba ado ba ne. A Windows, in ka bar shi, sau da yawa haruffanmu masu lanƙwasa sai su dagule, Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, ka yi ta nemansa a ƙamus ba ka gan shi ba.

Ni dai da aikin nan nawa ne, ƙamus zan ɗauka, amma ba da suna a matsayin mabuɗi ba. Ƙara lambar rajista a farkon kowane layi na fayil ɗin, ka mayar da `suna, maki =` na layin karantawa ya zama `lamba, suna, maki =`, sannan ka rubuta `kamus[lamba] = (suna, int(maki))`. Lambar ba ta haɗa mutum biyu, nema zai yi sauri, in kuma ka tashi jera su, `kamus.values()` zai ba ka duka ka miƙa wa `sorted`.

Kafin nan, gwada wannan da hannunka: sa suna ɗaya sau biyu a fayil ɗin da maki daban, ka karanta shi ta hanyoyin biyu, sannan ka buga `len` na kowanne, wato yawan abin da ke cikinsa, ka kwatanta.