Kwanbatar da Ta Sauko da Tsohuwar Impala Ƙasa da Sakan 14: Sharhi Bayan Kakar Tsere Guda

Shekara uku na yi ina zuba kuɗi da lokaci a cikin injin motata, amma takardar lokacin da ake miƙo mini a ƙarshen filin tsere ba ta taɓa nuna ƙasa da sakan 14.5 ba. Motar Chevrolet Impala ce ƙirar 1966 mai ƙofa biyu, da injin V8 ɗin nan da ake kira 396, da giyabos mai sauya giya da kansa samfurin Turbo-Hydramatic 400. Ranar da na hau da ita sikeli, ina ciki kuma tankin fetur na rabi, kilo 1,950 ta yi. Ba don tsere aka ƙera ta ba, don ɗaukar iyali a doguwar tafiya aka yi ta, kuma duk wanda ya ce zai kai irinta tseren miƙaƙƙiyar hanya na rubu'in mil, wato mita 402, ya sani cewa da nauyinta zai fara kokawa kafin ya yi da abokin karawarsa.

Na sauya kamshaf da wanda ya fi buɗe bawul, na sa bututun salansa masu faɗi, na gyara kabureta sau ba adadi. Ƙarar injin ta yi daɗi ƙwarai, gudun da take ƙetare layin ƙarshe da shi ya hau zuwa kilomita 158 a awa, amma lokacin bai motsa yadda ya kamata ba. Wani dattijo da ya daɗe yana tsere ne ya karɓi takardata wata rana, ya rufe dukkan lambobin da babban yatsansa in ban da guda ɗaya, wato lokacin da motar ta ɗauka kafin ta ci tazarar ƙafa 60 na farko (kimanin mita 18), wanda ya nuna sakan 2.25. Ya ce mini motar da ke ƙarewa da irin wannan gudu tana da ƙarfin da zai kai ta sakan 13 da 'yan kai, amma tawa barci take yi a bakin layi, sai ta yi nisa sannan take farkawa. Wannan magana ce ta kai ni ga sayen kwanbatar da nake wannan sharhi a kanta.

Tok-kwanbata, ko kwanbata a taƙaice, ita ce ke tsakanin inji da giyabos a motar da ba ta da kuloci na ƙafa. Kwano ne rufaffe cike da man giya, inda wata farfela da injin ke juyawa take watsa man a kan wata farfelar da ke haɗe da giyabos, sannan a tsakiyarsu akwai ta uku wadda ke karkatar da man ya koma ya taimaki ta farko. Saboda wannan ta ukun ne kwanbata ke iya ninka ƙarfin juyin inji kusan sau biyu a lokacin tashi. Abin da ke bambanta wata kwanbata da wata shi ne matakin juyin da take barin inji ya kai kafin ta kama shi sosai. Ta asalin motata mai faɗin inci 13 ce, kuma tana riƙe injin a wajen juyi 1,700 a minti. Wannan ya dace da kamshaf na asali, amma sabon da na sa ba ya fara ba da ƙarfinsa na gaske sai an haye juyi 3,000. Ma'ana, da hannuna na ɗauke ƙarfin injin na kai shi sama, sannan na bar kwanbatar tana danne shi a ƙasa, da kusan tan biyu a bayansa yana jira a ja shi.

Wadda na saya mai faɗin inci 10 ce, kuma an rubuta a kwalinta cewa tana kamawa a juyi 2,800. Kafin su aiko mini, masu ƙera ta sun nemi in faɗa musu nauyin motar, da bayanan kamshaf, da lissafin giyar baya, da tsayin taya, kuma wannan tambayar ta kwantar mini da hankali, domin lambar da ke jikin kwali ba tsayayyen abu ba ce. Kwanbata ɗaya za ta kama da wuri a ƙaramar mota mai raunin inji, ta kuma jinkirta a babbar mota mai ƙarfin juyi, tunda nauyin da ke turjewa da ƙarfin da ke tunkuɗawa su ne ke yanke hukunci tare.

Wajen ɗaurawa na sami abin yabo da abin ƙorafi. Waldar jikinta tsaf take, kuma tun da na ɗaura ta ban ji wata girgiza ba a kowane mataki na juyi. Sai dai fentin da suka shafa a hancinta, wanda ke shiga ramin bayan karanshaf, ya yi kauri har ya hana ta zama, sai da na goge shi da sanfefa a hankali. Takardar bayanin da ta zo da ita shafi ɗaya ce tak, kuma ba ta ambaci abin da ya fi kowane muhimmanci ba, wato tazarar da ya kamata a bari tsakanin kwanbatar da farantin da ake ɗaure ta a kai. Na zuba mata man giya kimanin lita guda, na ɗora ta a bakin giyabos ina juyawa ina turawa, har na ji ta faɗa ciki sau uku a jere, na ƙarshen shi ne shigarta cikin famfon mai. Wanda ya tsaya a na biyu ya ɗaure giyabos da ƙarfin noti, to famfon zai fasa tun kafin ya kunna mota. Da na haɗa komai na auna tazarar, milimita 4 na samu, wanda ke cikin abin da ake so, wato tsakanin 3 da 5.

A fitar farko kan titi na ɗauka wani abu ya lalace. Na sa giya, na ɗaga ƙafa daga birki, motar ta tsaya cak maimakon ta fara rarrafawa kamar yadda ta saba. Na taɓa totur, injin ya ɗaga murya, sannan motar ta biyo baya a hankali kamar wadda ake lallashi. Haka irin wannan kwanbata take idan ana tafiyar yau da kullum, kuma sai da na yi kusan mako biyu kafin ƙafata ta saba. Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne, injin ya daina shaƙewa idan na tsaya a giya, domin an rage masa nauyin da yake ja yana tsaye.

A filin tsere ne ta nuna abin da aka saye ta dominsa. Na zagaye wurin ruwan da ake jiƙa taya, tunda a lokacin tayoyin titi ne a ƙafarta, na matsa a hankali har fitilar farko mai nuna mota ta iso bakin layin tashi ta kama, sannan ta biyu. Na danne birki da ƙafar hagu, na ɗaga injin zuwa juyi 2,000 da ta dama, kuma da fitilar rawaya ta ƙarshe kafin koriyar tashi ta haska na saki birki na taka totur har ƙasa. Allurar juyi ta yi tsalle zuwa 3,100, gaban motar ya ɗaga, sannan tayar baya ta dama ta ɓarke da ihu da hayaƙi. Lokacin wannan zagaye ya fi na da muni, sakan 14.8, amma na fito ina murmushi, domin karo na farko ke nan da motar ta sami ƙarfin da ya fi ƙarfin tayoyinta a bakin layi. A zagaye na uku na rage iskar tayoyin baya kaɗan, na tashi daga juyi 1,500, na kuma shigar da totur a hankali maimakon in buga shi lokaci guda. Takardar ta nuna 1.98 a ƙafa 60, da 14.05 a ƙarshe, alhali gudun ƙarewa bai sauya ba ko kaɗan. Ban ƙara wa injin ƙarfin doki ko ɗaya ba, amma kusan rabin sakan ya tafi.

Masu wannan harka suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da aka rage a ƙafa 60 na farko yana rage ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen tseren, kuma abin da na gani bai saɓa wa wannan ba. Suna kuma cewa rage kilo 45 daga nauyin mota yana ba da kashi ɗaya cikin goma. Da wannan lissafi, sai na sauke fiye da kilo 200 kafin in sami abin da kwanbatar ta ba ni, wato in fitar da kujeru da kafet da bamba, in mayar da motar kwarangwal, abin da ba zan taɓa yi wa mota mai wannan shekaru ba.

Inda na ci wuya shi ne zafi. Wannan giyabos ba shi da kulocin da ke kulle kwanbata idan an miƙi hanya, irin wanda motocin baya-bayan nan ke da shi, saboda haka kullum akwai ɗan sulɓi, kuma duk sulɓin da aka yi zafi yake komawa a cikin man giya. Da giyar baya ta 3.08 da nake da ita, wato wadda a giyar ƙarshe inji ke juyawa sau 3.08 kafin taya ta juya sau ɗaya, idan ina tafiyar kilomita 100 a awa injin yana wajen juyi 2,300 ne, wato ƙasa da inda kwanbatar ke kamawa. Na sa ma'aunin zafi a kaskon man giya, kuma a wata tafiya mai hawa na ga allurar ta wuce digiri 110, alhali wajen 80 ake so ta zauna. Da na zaro sandar awon mai, jan launinsa ya fara komawa ruwan ƙasa, ga ɗan ƙauri. Laifin rabinsa nawa ne, domin na san ƙa'idar, amma ina ganin ya kamata masu sayar da irin wannan kaya su rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a ɗaura ta sai da ƙarin na'urar sanyaya mai. Na sauya man gaba ɗaya, na ɗaura na'urar a gaban lagireto, zafin ya sauko zuwa tsakanin 80 da 90.

Abin da ya warware matsalar daga tushe shi ne sauya giyar baya zuwa 3.73, wadda na yi a tsakiyar kakar. Yanzu a wannan gudun na kilomita 100 injin yana wajen juyi 2,800, kusa da inda kwanbatar ke kamawa, sai sulɓin ya ragu, kodayake ƙara ta ƙaru kuma fetur ya fi saurin ƙarewa. A lokaci guda na sa tayoyin tsere masu taushin roba waɗanda aka yarda a hau titi da su, na kuma cusa jakar iska a cikin sifirin na baya na dama, domin juyin inji yana murɗa jikin mota ya rage nauyin da ke kan wannan tayar daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Saboda haka ba zan jingina wa kwanbatar duk abin da ya biyo baya ba, amma ba don ita ba da sauran gyare-gyaren ba su sami abin da za su riƙe ba. Da yammacin wata rana mai sanyi, lokacin da iska ta yi nauyi kuma injin ke shaƙarta da kyau, na sami 1.86 a ƙafa 60 da 13.72 a ƙarshe. Da rana tsaka cikin zafi kuwa tsakanin 13.85 da 13.90 take yawo, kuma wannan shi ne lokacinta na gaskiya a wurina. Wani abin dariya shi ne, ranar da na fara sauka ƙasa da 14 sai da aka tsayar da ni, domin a dokar NHRA, ƙungiyar tseren motoci da Wally Parks ya kafa a Amurka a 1951, wadda filaye da yawa ke bin tsarinta, motar da ta kai 13.99 dole direbanta ya sa hular kwano, ni kuwa ban zo da ita ba saboda ban yarda zan kai wurin ba.

Abin da ya fi burge ni bayan zagaye sama da arba'in shi ne rashin sauyin halinta. Idan zafin mai ɗaya ne kuma na tashi daga juyi ɗaya, lokacin ƙafa 60 ba ya bambanta da fiye da kashi biyu ko uku cikin ɗari na sakan, kuma a irin gasar da direba ke rubuta lokacin da yake hasashen zai yi a gilashin motarsa, wannan daidaito ya fi gudu amfani. Ga wanda injinsa na asali ne bai taɓa kamshaf ba, ko wanda ke jan tirela da motarsa, ba na ba shi shawarar wannan mataki na kamawa, domin zafi da shan mai kawai zai saya.

Saura abu ɗaya da ban gama yanke shawara a kansa ba. A layin ƙarshe, da tayar inci 28 da giyar 3.73, lissafi ya nuna injin ya kamata ya kasance a juyi 4,390, amma allura tana nuna 4,700, wato sulɓin kusan kashi 7 cikin ɗari. Masu ƙera ta sun ce za su iya yanka ta su matse ta kaɗan idan na mayar musu, sai dai ina tsoron abin da zan samu a ƙarshen fili ya zama shi ne zan rasa a farkonsa. Na bar ta yadda take zuwa kaka mai zuwa, in fara gwada jinkirta shiga giya ta uku da juyi 200 in ga abin da takarda za ta nuna.